Taron jarumai a fim ɗaya: me ke sa wani ya tsaya, wani ya rushe

(Daga rikodin ɗin laccar da malam ya yi wa matasa masu koyon rubutun fim muka kwafo wannan. Mun bar maganar yadda ta fito daga bakinsa, gaishe-gaishen farko kawai muka rage.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu malamai da ke gaba, 'yan uwa mata, ƙannena ɗalibai, sannunku da haƙurin zama. Bari in fara da tambaya, a cikinku wa ya kalli Avengers, ko wanne ne daga ciki, ko da fassararre ne aka tura maka a waya? Ku ɗaga hannu. Yauwa, kun gani ko, kusan ɗakin gaba ɗaya. To mu dai yadda muka taso muna kallon fim, tun zamanin gidan kallo da kaset, abu biyu yaro yake tambaya in ya shigo an riga an fara: waye akta, waye bos. Shi kenan, in ka nuna masa su biyun nan ya gane fim. Amma finafinan da za mu yi magana a kansu yau akta shida ake zubawa, wani lokacin ma sun haura ashirin, kowannensu da nasa fim ɗin, kowannensu ya saba shi ne zakaran unguwarsu, sai a ce su shiga akurki ɗaya. Wannan aiki ne mai wahalar gaske ga marubuci, kuma ni abin da ya kawo ni kenan, ina so mu duba yadda wasu suka iya shi da yadda wasu suka kasa duk da kuɗin da suka narka.

Asalin abin ba a sinima ya fara ba, a 'yan littattafan zane ne na Amurka da suke cewa komik, 'yan sirara haka, takarda mai arha, yara na saye da kuɗin kashewarsu. Superman ya fito a 1938, wasu samari biyu Jerry Siegel da Joe Shuster ne suka ƙirƙiro shi, Batman ya biyo baya a 1939. Tun 1940 masu buga littattafan suka yi dabarar tara jarumansu a littafi ɗaya suka kira su Justice Society, daga baya a 1960 kamfanin DC ya sabunta abin da sunan Justice League. Kuma kada wani ya ɗauka wata falsafa ce mai zurfi ta haifar da hakan, lissafin kasuwa ne, yaron da yake son Flash da yaron da yake son Wonder Woman duk littafi ɗaya za su saya, kuma wanda ya shigo don Flash wataƙila ya fita yana son Green Lantern ya je ya nemi nasa littafin. Da Justice League ta yi kasuwa, kamar yadda marubuci Stan Lee na kamfanin Marvel ya riƙa ba da labari, maigidansa Martin Goodman ya ce masa mu ma a yi mana ƙungiya, daga nan Fantastic Four ta fito a 1961, sai kuma 1963 aka fitar da X-Men da Avengers, duka Stan Lee ne da mai zane Jack Kirby. Littafin Avengers na farko santi 12 ake sayar da shi. Ku riƙe sunan Kirby, zan dawo kansa don akwai maganar da ke ci mini rai game da shi.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, a littafin farko babu Captain America a cikin ƙungiyar, sai a fitowa ta 4 aka tsamo shi daga ƙanƙara. Iron Man ne da Thor da Hulk da Ant-Man da Wasp, kuma Loki ne ya haddasa haɗuwarsu ba da niyya ba, ya so ya shafa wa Hulk kashin kaji don ya jawo ɗan uwansa Thor cikin tarko, sai abin ya tara masa mutum biyar. Hulk kuwa bai ma daɗe ba, a fitowa ta 2 ya yi fushi ya tafi saboda ya gane sauran ba su yarda da shi ba. To kun ga tun daga tushe ƙungiyar ba ta zaman lafiya ba ce, kuma nan ne bambancin Marvel da na DC na wancan lokacin, jaruman DC mutanen kirki ne masu ladabi da juna kamar 'yan kwamitin masallaci, na Marvel kuwa gardama suke yi, a yi gori, wani ya yi zuciya, wani bashi ya dame shi.

Yanzu ta yaya abin ya zo fim. Nan ne labarin yake da daɗi wallahi, don talauci ne ya tilasta musu. A ƙarshen 1996 kamfanin Marvel ya karye, har kotu aka je kan bashi, kuma a shekarun nan sun sayar da haƙƙin yin fim na manyan jarumansu ga wasu kamfanoni, X-Men da Fantastic Four suna hannun Fox, Spider-Man ya tafi Sony. Fox suka yi X-Men a 2000, Sony suka yi Spider-Man a 2002, kuɗi ya shigo kamar ruwa amma abin da ya isa hannun Marvel kaɗan ne. Sai suka ce to mu ma mu fara yin namu da kanmu, a 2005 suka ciyo bashin dala miliyan 525 daga Merrill Lynch, kuma me suka jinginar? Ragowar jaruman da ke hannunsu, irin su Captain America da Black Panther da Doctor Strange da Nick Fury. Ma'ana in fim ya faɗi, banki ya kwashe jaruman. Kamar mutum ne ya jinginar da gonar gado ya shiga kasuwancin da bai taɓa yi ba.

Wani matashin furodusa Kevin Feige shi ya lura da abu ɗaya, ya ce jaruman da suka rage mana ɗaiɗaikunsu ba su kai Spider-Man farin jini ba, amma in ka jera su ai su ne Avengers. To shi ne suka bi abin a hankali. Iron Man a 2008, Jon Favreau ya ba da umarni, aka ɗauko Robert Downey Jr wanda a lokacin kamfanoni da yawa suna ɗari-ɗari da shi saboda matsalar shaye-shaye da ya yi fama da ita a baya, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 580. Bayan an gama fim, sunaye sun gama wucewa, mutane sun fara fita, sai ga Samuel L. Jackson a matsayin Nick Fury da ido ɗaya a rufe a falon Tony Stark, wato shi Iron Man ɗin, yana masa maganar wani shiri na tara jarumai, abin bai fi minti ɗaya ba, amma alƙawari ne aka ɗaukar wa mai kallo. Sai Hulk a shekarar, Iron Man na 2 a 2010 inda aka gabatar da Black Widow, Thor da Captain America a 2011, Hawkeye ma an ɗan leƙo da shi a cikin Thor. Fim 5 cikin shekara 4 kafin a haɗa su. Ana tsakiyar haka ne a 2009 Disney ta saye Marvel ɗin ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 4.

To 2012 Avengers ya fito, Joss Whedon ya rubuta ya kuma ba da umarni, ya tara sama da dala biliyan 1.5. Amma ni ba kuɗin nake so ku kalla ba, ku da kuke koyon rubutu ku koma ku sake kallon fim ɗin da biro a hannu ku lissafa minti nawa jaruman suka yi suna faɗa da bos, minti nawa suka yi suna faɗa da junansu. Haɗuwar Thor da Iron Man ta farko dambe ne a daji, Captain America ya zo rabo shi ma aka kai masa guduma. A cikin jirgin nan nasu mai tashi sama akwai wajen da duk suka taru a ɗaki ɗaya kowa na yaɓa wa kowa magana, Captain yana ganin Tony mai son kansa ne wanda ba zai taɓa sadaukar da ransa don wani ba, Tony yana ganin Captain ba komai ba ne sai allurar da aka yi masa a ɗakin gwaji, Banner, wanda yake rikiɗa ya zama Hulk, yana gefe kowa na tsoron kada ya fusata. Kuma duk abin da kowa ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa yake da zafi, kuma mu masu kallo mun san akwai gaskiyar saboda mun riga mun zauna da kowannensu awa biyu a nasa fim ɗin.

Me ya haɗa kansu? Mutuwa. Loki ya kashe Coulson, wani ma'aikaci ne kawai marar ƙarfin komai wanda yake tara katunan hoton Captain America, sai Fury ya watso katunan a kan tebur jina-jina, daga baya muka ji ashe katunan ma ba a aljihunsa suke ba, a loka suke, Fury ne ya ɗauko su don ya zaburar da su. Ku duba wannan, ko haɗin kan nasu da 'yar ƙarya aka ɗaura shi. Sannan a ƙarshe wa ya ɗauki makamin nukiliya ya shige ramin sama da shi ba tare da sanin zai dawo ba? Tony, wanda aka ce ba zai iya ba. Gorin da aka yi masa a tsakiyar fim shi aka biya a ƙarshe. Saboda haka lokacin da kyamara ta zagaya su shida a tsaye a titin Niyok, abin da ya sa tsikar jikin mutane ta tashi shi ne an sha wuya kafin su tsaya a wajen.

Yanzu mu juya ɗaya ɓangaren. Warner da DC su ne da Superman da Batman da Wonder Woman, jaruman da ko kakarka a ƙauye in ta ga rigar jikanta da alamar S wataƙila ta taɓa ganinta, wato sun fi Marvel kayan aiki nesa ba kusa ba. Da suka ga abin da Avengers ya samu sai suka shiga sauri. Man of Steel 2013, Batman v Superman 2016, sai Justice League 2017. Mutum uku daga cikin ƙungiyar, Flash da Aquaman da Cyborg, ba wanda aka yi wa fim ɗinsa kafin nan, gabatar da su da aka yi shi ne Wonder Woman ta buɗe wasu fayil a kwamfuta ta ga 'yan gajerun bidiyonsu. Ga kuma jarabawa da ta faɗo, darakta Zack Snyder ya yi rashin 'yarsa ya ajiye aikin, aka kira shi Whedon ɗin dai ya ƙarasa, ya sake ɗaukar wurare da yawa, aka matse fim ɗin ya koma awa 2, sai ya fito kamar riga da tela biyu suka ɗinka kowa da nasa awon. Har gashin bakin Henry Cavill, mai fitowa a matsayin Superman, sai da aka goge da kwamfuta saboda yana tsakiyar wani fim ɗin da ba a yarda ya aske ba, kuma duk wanda ya kalla ya ga bakin ba daidai yake ba. An kashe wajen dala miliyan 300, ya dawo da kusan miliyan 657, alhali Wonder Woman ita kaɗai a wannan shekarar ta haura miliyan 800. Jarumai shida sun kasa kamo mace ɗaya. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa. A 2021 aka saki na Snyder mai awa 4 bayan magoya baya sun yi ta matsa lamba a intanet, kuma ko ba ka son salonsa za ka yarda Cyborg ya zama mutum a ciki, an ba shi uba, an ba shi ciwon da yake ɗauke da shi.

Sai dai kada ku fita daga nan ku ce malam ya ce dole sai an yi wa kowa fim ɗinsa tukuna. A'a. Guardians of the Galaxy na James Gunn a 2014 ya ƙaryata wannan, mutum biyar da ko masu karanta komik da yawa ba su damu da su ba, a ciki har da wata 'yar dabba mai magana da bishiya mai faɗin jimla ɗaya tak, a fim ɗaya aka gabatar da su duka kuma mutane suka so su. Dalili, kowannensu ya yi rashi, wannan uwarsa ta mutu, wannan an kashe masa mata da 'ya, wannan uban riƙonta azzalumi ne, kuma a kurkuku suka haɗa kai kowa na buƙatar ɗan uwansa don ya fita, ba don suna ƙaunar juna ba. To abin nema kenan, ko a fim biyar ka gina shi ko a minti ashirin, sai mai kallo ya san me kowa yake so, me ya rasa, kuma me ya sa zaman wancan a kusa da shi yake masa ciwo. Mu ma a tatsuniyoyinmu muna da irin labarin nan na gwanaye, mai gani nesa da mai harbi da mai gudu su haɗu su ceto 'yar sarki, kuma ku tuna yadda ake rufe shi, ba da biki ake rufewa ba, da gardama ake rufewa, a ce to a cikinsu wa ya fi, yara su kwana suna musu.

Bari in zo kan wanda ni a wajena ya fi duka, kuma ya shafe mu kai tsaye, Captain America: Civil War na 2016, na 'yan uwan nan biyu Anthony da Joe Russo. A littafin da aka ɗauko shi, na Mark Millar da ya fara fita a 2006, fashewar da ta jawo rigimar a wani gari ne na Amurka, Stamford, kusa da makarantar yara. Da aka zo fim sai aka ɗauke abin aka kawo shi Legas. Ee, Legas ɗinmu, duk da cewa a Atlanta aka ɗauki wajen aka yi masa ado da rumfunan kasuwa da motocin haya masu ruwan ɗorawa. Jaruman sun biyo wani ɗan ta'adda, ya tayar da bam a jikinsa, wata jaruma cikinsu mai suna Wanda ta yi ƙoƙarin ɗaga wutar sama don ta ceci mutanen kasuwa, sai ta daki wani bene mutane suka mutu. Daga nan ƙasashe 117 suka kawo yarjejeniya cewa daga yau ba inda za ku je sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da izini. Tony ya ce a sa hannu, don wata uwa ta tare shi ta nuna masa hoton ɗanta da ya mutu a yaƙin da suka yi a baya, abin ya tsaya masa a rai. Captain ya ce a'a, su ma masu ba da izinin mutane ne masu son zuciya, in suka hana mu zuwa inda ya kamata fa, in suka tura mu inda bai kamata ba fa?

Na kalli fim ɗin nan ya fi sau biyar kuma har yau ina jin nauyin hujjar kowannensu. Tambaya ce ta gaske, mai ƙarfi wa yake sa masa linzami, kuma Amurkawa da suka yi fim ɗin sun san da ƙasarsu suke, ƙasar da take tura jirage marasa matuƙa wata ƙasa ta yi harbi ta dawo. Bos ɗin fim ɗin ma, Zemo, ba shi da ƙarfin komai, soja ne da iyalinsa suka mutu a ƙarƙashin ɓaraguzan yaƙin jaruman, ya san ba zai iya dukansu ba sai ya nemo sirrin da zai raba su, cewa abokin Captain ne ya kashe iyayen Tony a 1991 kuma Captain ya ɓoye masa. Faɗan ƙarshe mutum uku ne kawai a wani kango mai sanyi, kuma ya fi na filin jirgin saman Jamus da aka zuba mutum goma sha biyu taɓa zuciya.

Amma ga inda raina ya sosu. An kashe mutane a Legas, labarai a cikin fim ɗin suka fi mayar da hankali kan 'yan Wakanda da suka mutu a benen, ƙasar da babu ita a taswira, ni dai ban ji an ambaci sunan ɗan Najeriya ko ɗaya ba, ba a nuna mana uwa tana kuka a Legas ba kamar yadda aka nuna waccan uwar Ba'amurkiya. Garinmu ya zama wajen da abu yake fashewa don manya su sami abin yin gardama a ɗakin taro. Haka a Black Panther na 2018, farkon fim an rubuta dajin Sambisa ƙarara a allo, ga motoci cike da matan da aka sace, jarumi ya diro daga sama ya gama da 'yan bindigar cikin 'yan mintuna ya ɗauki tsohuwar budurwarsa Nakia ya wuce bikin naɗin sarautarsa. Ina son fim ɗin, ina girmama Chadwick Boseman, aktan fim ɗin, da ya yi aikin nan yana fama da kansar hanji bai gaya wa duniya ba har ya rasu a 2020 yana da shekara 43. Amma a ɗakin nan na san akwai waɗanda Sambisa ba sunan wajen fim ba ne a wajensu, akwai wanda 'yar uwarsa ce ko maƙwabciyarsa, kuma ciwon da aka shekara goma ana ɗauke da shi ba abin buɗe fim ba ne a wuce. In ba mu rubuta wannan da hannunmu ba, haka za a ci gaba da aron sunan.

Infinity War 2018 da Endgame 2019 ba zan daɗe a kansu ba don kun fi ni haddace su. Abu ɗaya kawai, da jaruman suka yi yawa har ba za a iya bin kowa ba, marubutan sai suka mayar da bos ya zama shi ne akta, Thanos ne mai tafiya yana neman duwatsu 6, shi ne mai buri, shi ne ya sadaukar da 'yarsa, kuma shi ya ci nasara a ƙarshen na farkon, rabin halitta ta zama toka. A littafin Jim Starlin na 1991 don ya burge Mutuwa ya yi hakan, wadda aka zana a siffar mace yana sonta, a fim aka canza aka ce yana ganin abinci ne ba zai ishi halitta ba. Kuma ku lura sun sha kaye ne a lokacin da suke a rabe tun rigimar Civil War, Tony da Captain ba su ko haɗu ba a fim ɗin gaba ɗaya. Endgame shi ne fim na 22 a jerin, awa 3, ya tara kusan dala biliyan 2.8.

Bayan nan abin ya fara yin sanyi, kuma dalilin a bayyane yake. Daga 2021 suka fara zubo shirye-shirye masu dogon zango a Disney+, ya zama kafin ka gane fim ɗaya sai ka kalli wasu awa goma a gefe, kallo ya koma kamar jinga. The Marvels na 2023 da ƙyar ya haura dala miliyan 200, mafi ƙaranci a duk jerin. Sai aka koma kiran tsofaffin fuskoki don mutane su yi ihu a sinima in sun gan su, har shi Downey an sanar a 2024 zai dawo amma a matsayin bos, Doctor Doom. Darakta Martin Scorsese ya taɓa cewa a 2019 waɗannan sun fi kama da wajen wasan yara na lilo da jirgin ƙasa fiye da sinima, mutane suka yi masa ca. Ni ban yarda da shi a kan Civil War ba, amma a kan da yawa daga na baya-bayan nan maganarsa ta zauna. Mu ma nan muna yin irinta, a cika fosta da fuskokin manyan 'yan wasa goma, ka shiga kallo ka tarar bakwai daga ciki ba abin da suka zo yi sai gaisuwa.

Na ce zan dawo kan Kirby. Mutumin nan hannunsa ne ya zana Captain America tun 1941 tare da Joe Simon, yana naushin Hitler a bangon littafi tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, shi ya zana Thor da Hulk da X-Men da Fantastic Four, sai Black Panther a 1966. Yadda suke aiki, Stan Lee ya ba shi labari a taƙaice, wani lokacin da baki ma, shi ya je ya zana shafi ashirin ya tsara yadda komai zai gudana, sannan Lee ya zuba maganganu. Ana biyansa ne a kan kowane shafi, ba shi da kaso a cikin abin da ya ƙirƙira. Ya yi fushi ya koma DC a 1970, a can ya ƙirƙiro Darkseid da Steppenwolf, wato bos ɗin Justice League ɗin ma nasa ne, gidajen biyu duk daga alƙalaminsa suke ci. Ya rasu a 1994 bai ga ko ɗaya daga finafinan nan ba, 'ya'yansa suka yi ta shari'a da Marvel har sai 2014 aka sasanta ana dab da Kotun Ƙoli ta duba ko za ta saurari ƙarar. Siegel da Shuster kuwa dala 130 aka ba su suka sallama Superman. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Kuma har yanzu akwai irinsu, dubban masu aikin siddabarun kwamfuta da sunayensu ke wucewa a ƙarshen fim muna jiran ɗan guntun da za a nuna bayan sunayen, su ne suke kwana a ofis ana canza musu aiki ana saura mako biyu a saki fim, sai a 2023 na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago. Ku da za ku rubuta labari ku kai wa furodusa, don Allah ku karanta takardar kafin ku sa hannu, in ba takarda ku ce a rubuta.

Na ga ana mini alama da agogo. Akwai mai tambaya? Na'am ƙanwata, ɗaga murya kaɗan.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko za a iya yin irin wannan fim ɗin da Hausa alhali ba mu da kuɗin kwamfuta irin nasu.)

Za a iya, amma ba ta wajen tashi sama da rushe bene za ki fara ba, nan kam ba za mu kamo su ba yanzu kuma in muka gwada dariya za a yi mana. Ki tuna wuraren da na lissafa miki, gardamar cikin jirgi, katunan Coulson, uwar da ta tare Tony a bakin lifta, mutum uku a kango, duka ɗaki ne da mutane da magana, kyamara ɗaya ta isa. Ki ɗauki mutum huɗu, a ce maharbi da ɗan dambe da ungozoma da direban babbar mota, wani abu ya tilasta musu tafiya ɗaya cikin dare, ki ba kowannensu dalilin da ya sa ba ya son ganin ɗayan, kuma dalilin ya zama mai ƙarfi har ke kanki ki rasa bayan wa za ki bi. Ki rubuta mini shafi goma a kan haka ki kawo ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, zan karanta. Sauran tambayoyin mu ɗora bayan la'asar, ga shi an fara kira.